JALEN HURTS: YARON DA AKA ZAUNAR, YA TASHI YA ZAMA MADUGU

Labarin wannan wata daga nesa ya fito, daga ƙasar Amurka. Labarin wani saurayi ne ɗan wasan ƙwallo, sunansa Jalen Hurts. An ba shi shugabanci yana ɗan shekara 18. An karɓe shugabancin daga hannunsa a gaban idon jama'a yana ɗan shekara 19. Yana ɗan shekara 26 ya kai ƙungiyarsa ga cin kofi mafi girma na ƙasarsu. Za mu duba abin da ya yi a tsakanin waɗannan shekaru. Amma tilas mu fara da bayanin wasan, don ba irin ƙwallon da muka saba gani ba ne.

WANE IRIN WASA NE?

Ƙwallon Amurka dogo ne, yana da tsini ta baki biyu kamar ƙwallon dabino. Tsawonsa wajen santimita 28. Da hannu ake yawan wasa da shi. Ana ɗauka a ruga da shi, ko a jefa wa ɗan uwa ya cafe.

Kowane gefe mutum 11 ne. Tsawon filin yadi 100 ne, wato wajen mita 91. Masu ƙwallo suna son su kai shi ƙarshen fili. Abokan karawarsu suna son su kama mai ƙwallo su kada shi ƙasa, kamar yadda ake yi a kokawa. Shi ya sa kowa yake sa hular kwano, da matashi a kafaɗa.

Ga dokar wasan. Ana ba masu ƙwallo zarafi huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci, sai a ƙara musu wasu huɗu. In sun kasa, ƙwallo ya koma hannun wancan gefe. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, kuma suna da damar ƙara maki 1 ko 2. In aka buga da ƙafa ya bi ta tsakanin sanduna biyu, maki 3 ne. Wasan minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu.

AIKIN MADUGU

A cikin mutum 11 masu ƙwallo akwai ɗaya wanda kusan kome yake bi ta hannunsa. Amurkawa suna kiransa kwatabak. Mu a nan za mu kira shi madugu, don aikinsa ya yi kama da na madugun ayari. Shi yake duba hanya, shi yake cewa a bi nan ko a bi can.

Kafin kowane zarafi, sauran 10 suna kewaye shi, su sunkuya, ya gaya musu dabarar da za a yi. Sa'an nan su jeru. Ƙarti biyar suna tsayawa gabansa don su kare shi, kowannensu ya kai kilo 140 ko kusa da haka. Madugu yana duba yadda abokan karawa suka tsaya. In ya ga tarko, yana iya sake dabara nan take. Da an miƙo masa ƙwallo, daƙiƙa biyu ko uku kaɗai gare shi. Ko ya jefa, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa.

In an ci, sunansa ake fara kira. In an sha kashi, shi ake fara zagi. Wani lokaci yaro ne ɗan shekara 22, yana ba magidanta ƴan shekara 33 umurni. Malamin wasa yana iya naɗa shi madugu a rana ɗaya. Amma malami ba ya iya tilasta wa ƙarti su yarda da shi a zuci. Wannan yarda, madugu ne yake nemanta da kansa.

ƊAN MALAMIN WASA

An haifi Jalen ran 7 ga watan Agusta na 1998, a birnin Houston, cikin jahar Teksas. Ubansa, Averion Hurts, malamin wasan ƙwallo ne a wata makarantar sakandare. Wansa ma madugu ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bakin fili Jalen ya tashi, yana kallon yadda ubansa yake horon samari. Ban da ƙwallo kuma yana gasar ɗaga ƙarfe. Daga baya an gan shi ya tsuguna ya tashi da ƙarfe fiye da kilo 250 a kafaɗa.

A Amurka, kafin mutum ya shiga manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi, yawanci sai ya yi wa wata jami'a wasa. Wasan jami'o'i ba ƙaramin abu ba ne. Filin jami'ar Alabama yana ɗaukar mutum wajen 100.000. Can Jalen ya tafi a 2016. Malamin wasan Alabama a lokacin shi ne Nick Saban, mutum mai tsanani, wanda ya ci kofi sau da yawa.

Ranar da Jalen ya fara shiga fili, zarafinsa na farko ƙwallo ya kuɓuce masa. Bai rikice ba. Ya dawo ya yi wasa mai kyau, suka ci da maki 52 da 6. Daga wasa na biyu aka ba shi madugu. Tun 1984 sabon shiga bai riƙe wannan aiki a Alabama ba. A shekararsa ta farko suka kai wasan ƙarshe na kofin jami'o'i, aka cinye su saura daƙiƙa ɗaya a tashi. A shekara biyu da ya yi yana madugu, sun ci wasa 26, sun faɗi 2 kaɗai.

DAREN DA AKA ZAUNAR DA SHI

Ran 8 ga watan Janairu na 2018, Alabama ta sake zuwa wasan ƙarshe. A birnin Atlanta aka yi, da jami'ar Jojiya. Mutane fiye da miliyan 25 suna kallo a telebijin. Rabin wasa na farko bai yi wa Jalen kyau ba. Ya yi jifa 8, uku kaɗai aka cafe. Aka tafi hutu Jojiya tana da maki 13, Alabama ko ɗaya babu.

A ɗakin hutu, Saban ya yanke shawara. Ya zaunar da Jalen, ya sa wani sabon shiga mai suna Tua Tagovailoa. Tua bahago ne, ga hannu mai saiti. Ya shiga ya juya wasan. Alabama ta ci da maki 26 da 23.

To, ku duba wannan hali. Mutum ya yi shekara biyu yana jan ayari. Ana gab da shiga gari aka ce ya koma baya, wani ya shiga gaba, kuma wancan aka yi wa guɗa. Masu ɗaukar hoto suka juya kan Jalen, suna son su ga fushi a fuskarsa. Abin da suka gani shi ne, yana tsaye bakin fili yana ƙarfafa Tua. Da Tua ya ci maki, Jalen ya je ya rungume shi. Da aka tashi, ƴan jarida suka tare shi. Ya yaba wa Tua, ya ce yana murna da shi da ƙungiyar duka.

SHEKARAR JIRA

Kada mu ce abin bai yi masa zafi ba. A watan Agusta na 2018 ya faɗa wa ƴan jarida a fili cewa tun daga wancan dare babu wanda ya zo ya tambaye shi yadda yake ji, har malamai. Ya faɗi abin da yake ransa, sa'an nan ya koma aiki.

Da aka fara wasannin 2018, Tua aka ba madugu. Jalen ya zama mai jira. Mutane da yawa suka ce ya tattara kayansa ya bar Alabama. Kuma akwai hanyar da zai bi. A lokacin, ɗan wasan jami'a shekara huɗu ake ba shi. A wannan shekara aka kafa sabuwar doka: wanda bai wuce wasa huɗu ba, ba a lissafa masa shekarar. Da Jalen ya tsaya bayan wasa huɗu, da ya tafi wata jami'a da shekara biyu a hannunsa. Wani madugu na wata babbar jami'a, wanda shi ma aka zaunar, haka ya yi a wannan shekara.

Jalen ya zauna. Ya yarda ya rasa shekara ɗaya daga cikin huɗunsa. Ana sa shi wasa in an riga an yi nisa da ci. Sauran lokaci yana gyaran jifarsa, yana karatunsa.

Ran 1 ga watan Disamba na 2018, Alabama ta sake haɗuwa da Jojiya, a fili guda, a Atlanta. Ana cikin kashi na huɗu, Jojiya tana gaba da maki 28 da 21, sai Tua ya ji ciwo a idon sawu. Aka ce Jalen ya shiga. Ya shiga a shirye. Ya yi jifa aka ci, maki ya zama daidai. Saura minti ɗaya da ƴan daƙiƙa a tashi, ya ruga da kansa yadi 15 ya ci. Alabama ta yi nasara da maki 35 da 28. Saban, wanda ba ya yawan yabo, ya ce da wuya in ya taɓa yin alfahari da wani ɗan wasa kamar yadda ya yi da Jalen. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo.

A cikin wannan wata ya karɓi takardarsa ta gama jami'a. Sa'an nan ya yi sallama da Alabama, suka rabu lafiya.

BAƘO A SABON WURI

Shekara ɗaya ta rage masa. Ya tafi jami'ar Oklahoma a 2019. Baƙo ne, bai san kowa ba. Amma kafin a fara wasanni an riga an zaɓe shi cikin kyaftin na ƙungiya. Labarinsa ya riga shi zuwa, kuma sun ga aikinsa da idonsu. An taɓa ganinsa bayan wasan da suka ci da maki mai yawa, ya wuce ɗakin ɗaga ƙarfe yana motsa jiki, maimakon ya tafi hutu. A ƙarshen shekara, da aka zaɓi gwanin ƴan wasan jami'o'i na ƙasa duka, shi ya zo na biyu.

Manyan ƙungiyoyi masu biyan albashi 32 ne, ana kiran haɗin gwiwarsu NFL. Kowace shekara suna zaɓen samari daga jami'o'i, ɗaya bayan ɗaya. A zaɓen 2020, an ɗauki madugai huɗu kafin Jalen. Tua shi ne na 5. Jalen sai na 53. Ƙungiyar birnin Filadelfiya ce ta ɗauke shi, sunanta Eagles, ma'anarsa gaggafa. Mutanen gari da yawa ba su ji daɗi ba. Suka ce muna da madugu, Carson Wentz, an riga an ba shi kuɗi mai yawa, me za mu yi da wani?

Jalen ya sake zama mai jira. Amma shekarar ta yi wa Eagles muni, wasa 4 kaɗai suka ci cikin 16. A watan Disamba aka zaunar da Wentz aka sa Jalen. Abin da aka yi masa a Alabama, ga shi an yi wa wani saboda shi.

A 2021 ya zama madugu sosai, aka kuma sa shi cikin kyaftin, yana ɗan shekara 23. Farkon shekara suka ci wasa 2 suka faɗi 5. Daga baya suka farfaɗo, suka gama da ci 9, faɗuwa 8. Duk da haka masu suka ba su bari ba. Suka ce yaron gudu ya iya, jifa bai iya ba.

Wannan magana tana da tushe mai tsawo. Jalen baƙar fata ne. Shekaru da yawa a Amurka, malaman wasa ba su yarda su ba baƙar fata madugu ba. Sukan ce su je su yi gudu, aikin tunani na wasu ne. Sai a 1988 baƙar fata na farko, Doug Williams, ya ci babban kofi yana madugu.

Jalen bai tsaya gardama ba. Lokacin hutu ya tafi wurin masu koyar da jifa. A 2021, cikin kowace jifa 100, wajen 61 ake cafewa. A 2022 ta kai wajen 66. Cikin wasa 15 da ya yi a wannan shekara, sun ci 14.

ƘWALLON DA YA KUƁUCE

Wasan ƙarshe na NFL, Supa Bol ake kiransa. Ran 12 ga watan Fabrairu na 2023, Eagles ta kara da ƙungiyar Chiefs ta birnin Kansas. Madugun Chiefs shi ne Patrick Mahomes. Wannan ne karo na farko da madugai biyu baƙar fata suka haɗu a Supa Bol.

A kashi na biyu, ƙwallo ya kuɓuce daga hannun Jalen, ba wanda ya taɓa shi. Wani ɗan Chiefs ya ɗauka ya ruga ya ci. Jalen ya dawo fili, ya ja ƙungiyarsa har ƙarshe, ya ci da kansa. Sau uku ya kai ƙwallo ƙarshen fili da ƙafarsa a wannan dare. Amma saura daƙiƙa 8 a tashi, Chiefs suka buga suka ci maki 3. Aka tashi 38 da 35.

Bayan wasa ya zauna gaban ƴan jarida. Ya ɗauki laifin ƙwallon da ya kuɓuce a kansa. Ya ce mutum ko dai ya ci, ko kuwa ya koyi darasi. Daga baya aka ga hoton da ya sa a fuskar wayarsa. Hotonsa ne yana fita daga fili, ana watsa takardun murna na Chiefs a kansa. Duk lokacin da ya ɗauki waya, sai ya ga ranar da aka cinye shi.

A watan Afrilu na 2023, Eagles ta yi yarjejeniya da shi ta shekara 5, a kan dalar Amurka miliyan 255. Wannan ya kai wajen miliyar 150 na sefa. A watan Mayu kuma ya karɓi digiri na biyu daga Oklahoma. A 2024 ya ba da dalar Amurka 200.000, wajen miliyan 120 na sefa, don a sa na'urar sanyaya ɗaki a makarantu 10 na Filadelfiya, inda zafi yake hana yara karatu.

RAGE NASA DON NA JAMA'A

Kuɗi bai kawo sauƙi ba. A 2023 suka ci wasa 10 cikin 11 na farko. Sa'an nan abu ya rushe. Suka faɗi 5 cikin 6 na ƙarshe, aka fitar da su tun zagayen farko da maki 32 da 9. A wannan shekara abokan karawa sun cafe jifar Jalen sau 15. Jaridu suka fara cewa mutum ne mai shiru da yawa, ba a sanin cikinsa, anya zai iya haɗa kan mutane?

A 2024 ƙungiyar ta kawo wani gwanin gudu, Saquon Barkley. Bayan wasa huɗu, ci 2 faɗuwa 2, aka sake dabara. Aka rage jifa, aka ƙara gudu. Ga madugu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don da yawan jifa ake auna shi, da ita ake yaba masa. Jalen ya yarda. Ya dinga miƙa wa Barkley ƙwallo. Barkley ya yi gudun yadi 2.005 a shekarar, shi aka yi ta kira gwani. Jifar Jalen da aka cafe masa ta sauko daga 15 zuwa 5. Suka ci wasa 10 a jere.

Akwai wata dabara da aka san Eagles da ita. In yadi ɗaya ya rage, Jalen yakan riƙe ƙwallo, ya sunkuya, ya kutsa cikin ƙarti. Na gabansa suna buɗe hanya, na bayansa suna tura shi. Duk nauyin mutane a kansa yake sauka. Da wuya a tare su. Har wasu ƙungiyoyi suka nemi a hana dabarar a 2025, amma ƙuri'arsu ba ta kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ran 9 ga watan Fabrairu na 2025, a birnin New Orleans, Eagles ta sake haɗuwa da Chiefs a Supa Bol. Mutane fiye da miliyan 120 suka kalla. Aka tafi hutu Eagles tana da 24, Chiefs ko ɗaya babu. Masu tsaron Eagles sun kada Mahomes sau 6. Jalen ya yi jifa biyu aka ci, ya ci ɗaya da kansa. Aka tashi 40 da 22. Shi aka zaɓa gwanin wasan. Da aka ba shi magana, masu tsaro ya yaba wa, ya ce su suke kawo kofi. Shi ne madugu baƙar fata na huɗu da ya ci wannan kofi.

ABIN DA MABIYA SUKE DUBAWA

Jalen ba shi ne ya fi kowa hannun jifa ba. A Alabama, Tua ya fi shi saiti. A NFL ma akwai waɗanda suka fi shi. To, me ya sa ƙarti suke binsa?

Sun ga yadda ya yi ranar da aka zaunar da shi. Sun san ya yi shekara guda yana jira, kuma ranar da aka neme shi aka same shi a shirye. Sun ji ya ɗauki laifi a bakinsa ranar da aka faɗi, ya ba wasu yabo ranar da aka ci. Sun ga ya yarda a rage nasa suna don ƙungiya ta ci gaba. Mutumin da ya yi haka, in ya ce a tashi aiki da asuba, ba mai ce masa kai fa?

Babba juji ne, in ji masu magana. Jalen ya fara koyon wannan yana ɗan shekara 19, a bakin fili, yana kallon wani yana yin aikinsa. Daga wannan dare zuwa daren da ya ɗaga kofi, shekara bakwai ne da wata ɗaya.